Yadda Na Mayar da Barsu Ƙasar Bargu

Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya zauna kusa da ni a rumfar mai shayi sai ya ce, "Mamman, yaya ƙasar Faransi? Da gaske ne can kare a ƙofar ɗaki yake kwana?" Wasu don son labari suke tambaya, wasu don su samu abin dariya. Na gaji da ba da shi guntu-guntu, shi ya sa zan faɗe shi gaba ɗaya, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, a ƙyale ni.

Ga wanda bai san mafari ba, ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Wara, ina kuma kiwon raguna in sayar lokacin layya. Shekara biyu a jere ɓarayi suna haura mini katanga suna kwashe su. Sai na kira Ɗanjuma, ɗan ƙanwar Innata, mai fataucin shanu a kasuwar Babanna, na ce ya samo mini ɗan kwikwiyo daga cikin manyan karnukan nan da ake labarin wani tsoho yana da su a hayin iyaka, ɓangaren Bargu da mutanenmu ke ce wa ƙasar Faransi. Na ce masa, "Wanda ya fi kowanne faɗa za ka ɗauko mini." Ya kawo shi a cikin kwali. Na sa masa suna Barsu.

Mutane suka ba ni shawara iri-iri, ni kuma na bi duka. Aka ce kar ya saba da mutane, na ɗaure shi da sarƙa a bayan garke inda ba mai ganinsa. Aka ce a riƙa sa masa barkono a abinci don zuciyarsa ta yi zafi, na sa. Cikin wata goma sha huɗu ya kusa kai ɗan maraƙi. Ɓarawo bai sake zuwa ba, gaskiya ne. Amma matata Hajara ta daina zuwa bayan gida shanya, mai tallar nono ma ta daina shigo mana.

Garba abokina ne tun muna yara, katangarmu ɗaya, masunci ne. Shekara arba'in yana shigowa gidana da sallama ɗaya tak. Wata Talata da hantsi ya shigo kawo mini kifi, Barsu ya yi wani yunƙuri turken ya tumɓuke. Hannun dama ya kama masa. Sai da na cusa taɓarya a bakinsa kafin ya saki. An ɗinke hannun a asibiti a Yelwa, amma yatsu uku sun sanƙare, kuma ba a jefa komar birgi da yatsu biyu.

Likitan dabbobi ya sa aka tsare karen kwana goma, ya ce ba haukan kare ba ne, ya ba ni kati. Mai unguwa kuwa ya kira ni gaban mutane ya ce ko in kashe shi ko in fitar da shi daga garin. Na kasa kashewa. Ni na raine shi, ni kaɗai yake kaɗa wa bindi a duniya. Sai na ce bari in mayar da shi inda aka haife shi, can da ake cewa sun san kan karnuka, ko zai rayu.

Kafinta ya haɗa mini keji na katako, na ɗaura wa Barsu takunkumi, muka fito da sassafe. A tashar Wara direba uku suka ƙi mu. Na huɗun, mai a-kori-kura da ta sha lodin bandar kifi, ya ce in hau baya. Mata uku 'yan kasuwa ne a saman kayan. Da suka ga abin da aka ɗora sai duk suka tattare zannuwansu. Babbar cikinsu ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Malam, kai da gemunka kake yawo da najasa? Idan yawunsa ya taɓa mini kifi fa?"

Na ce, "Ki yi haƙuri Hajiya, larura ce."

"Kowa ma da larurarsa, amma ba mu ɗauko kura ba."

Har muka isa Yelwa ba wadda ta sake yi mini magana.

Daga Yelwa na nufi mashigar Zamare. Ruwa ya cika lokacin, damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba. Mai jirgin ya leƙa kejin ya ja baya.

"Wanga mi na? Kare ko jaki?"

Na ce kare ne. Ya ce in dai zai ɗauke mu to a goshin jirgi za mu zauna, tare da babura da buhunan gishiri, nesa da mutane. Da aka tada inji Barsu ya fara karkarwa, kafin mu kai tsakiyar kogi ya yi amai ta cikin takunkumin. Na riƙa kamfatar ruwa da hannu ina wanke masa baki, mutane suna kallona kamar mai taɓin hankali. Wani dattijo Bafulatani ne kaɗai ya matso. Ba sanda a hannunsa, ba jaka. Ya tambaye ni inda za ni, na gaya masa. Na ce shi fa? Ya ce zai je wurin 'yarsa ne ya zauna, shanunsa duka an kore su a rana ɗaya. Ya dubi karen ya ce, "Da ina da irin wannan, da wataƙila sun bar mini ko saniya guda." Ban gaya masa abin da irin wannan ya yi wa abokina ba.

A Rofiya na ɗauki 'yan acaɓa biyu, ɗaya ni, ɗaya keji. Hanyar nan ba zan yi mata dogon bayani ba, wanda ya bi ta ya sani, wanda bai bi ba ya gode wa Allah. Bayan mun wuce Agwara babur ɗin da ke ɗauke da kejin ya faɗa wani rami, kejin ya zame ya bugi ƙasa ya dare biyu. 'Yan acaɓan nan kowa ya yar da babur ya kama gudu. Ni ma na ce shi ke nan, yau zai shiga daji ko ya kama wani.

Bai je ko'ina ba. Ya tsaya tsakiyar hanya, bindi a matse, ƙafafu suna rawa, fitsari yana zuba. Da ya hango ni sai ya rarrafo da ciki ya cusa ƙaton kansa tsakanin ƙafafuna. Ɗaya daga cikin 'yan acaɓan, wani mai suna Isiya, ya dawo a hankali yana leƙe.

"Baba, wannan ne ka ce ya ciji mutum? Ai wannan matsoraci ne."

Na ji haushin maganar. Na ce masa bai san kare ba. Muka ɗaure kejin da robar taya muka ci gaba.

Ana kiran la'asar muka shiga Babanna. Ɗanjuma ne ya kamata ya tarbe ni ya raka ni, amma da na kira shi sai ya ce ya bi motar shanu zuwa kudu. Ya dai faɗa mini sunan ƙauyen da sunan tsohon, Baba Woru. Na je gidan da fatake ke sauka, mai gidan ya ce ni zan iya shiga, kare kuwa ko inuwar katangarsa ba zai kwanta ba. Na je na biyu, haka. Wani mahauci mai suna Bala, mutumin Koko, shi ya ji tausayina ya ba ni bayan rumfarsa, ya shimfiɗa mini buhu, ya jefa wa Barsu ƙasusuwa. Matarsa ta aiko da sakwara. Can doya ce abinci safe da yamma, yadda muke da tuwon shinkafa da kifi, kuma sun iya dakanta, sulɓi kamar ba a turmi aka yi ba. Loma uku na yi na ture. Bala ya ce, "Ka ci mana, gobe hanya ce." Na ce na ƙoshi.

Da safe muka kama hanya. Iyakar da ake ta ba mu tsoro da ita igiya ce kawai aka gitta a hanya, da 'yar rumfa. Jami'an wajenmu sun duba katin ɗan ƙasa, suka leƙa keji, suka ce in wuce kafin ya fito. Na wancan ɓangaren jandarma ne, ba ya jin Hausa, ni kuma ba na jin Faransanci. Wata mai sayar da garin rogo a gefen rumfar ita ta yi mana tafinta. Ya karɓi katin likitan dabbobi ya juya shi gaba da baya, ya kira abokin aikinsa suka yi ta magana suna dariya. Na tambayi matar me suke cewa. Ta ce, "Wai shekararsa shida a nan, ya ga ana fita da karnuka zuwa ƙasarku, bai taɓa ganin wanda aka dawo da shi ba." Ya miƙo mini katin, ya sauke igiya.

Abin da na fara lura da shi a ƙasar Bargu shi ne gaisuwa. Mu dai mu miƙa hannu mu tambayi gida da aiki. Su kuwa ƙarami zai durƙusa, babba ma ya ɗan rusuna, su yi ta amsa wa juna da wani gajeren sauti a maƙogwaro har sai ka ɗauka sun manta da kai. Na biyu kuma karnuka. A garinmu kare na bayan gari ne da bola, in ya shigo a jefe shi. Can kuwa kowane gida da nasa kwance a ƙofa, yara suna tsallake shi, kaji suna kiwo a gefensa. Kuma akwai musulmi da yawa a cikinsu, na ga masallaci, na yi azahar a ciki. Ba sa barin kare ya taɓa ƙwarya ko tabarmar salla, amma ba sa ɓoye shi kamar abin kunya.

Gidan Baba Woru yana ƙarshen ƙauyen, kusa da wata ƙorama. Tsoho ne siriri, tsohon maharbi, ya iya Hausa don ya yi farauta da mutanenmu shekaru. Manyan karnuka huɗu suka taso da muka tsaya. Ba wanda ya yi haushi fiye da sau biyu. Ya ce musu wata kalma ɗaya, suka koma suka kwanta, amma idanunsu a kaina.

Bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba sai da matarsa ta kawo ruwa da soyayyen cukun Fulani na ci. Sannan ya je ya tsuguna gaban kejin, ya daɗe yana kallo. Barsu ya manne a lungu yana gurnani.

"Na san shi," in ji shi. "Ɗan Gambo ne, waccan karyar mai jan kunne. Wanda mai shanu ya ɗauka. Wa ya ciza?"

Na ba shi labari duka, har sarƙar da barkonon. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Ɗan Yawuri, na ba mai shanu saƙo ya gaya maka. Na ce wannan ba na cikin gida ba ne. Bai faɗa maka ba?"

Na buɗe baki zan ce bai faɗa ba, sai na tuna. Ranar da Ɗanjuma ya ajiye kwalin ya ce, "Tsohon ya ce wai wannan ba shi da natsuwa, wai ka ɗauki wani." Ni kuma na yi dariya na ce ai marar natsuwar nake nema.

Na ce, "Ya faɗa, Baba."

Ya miƙe ya ce in biyo shi. A gefen rumbu akwai wata karya da 'ya'ya biyar, sun kai sati bakwai. Ya ce in zauna a ƙasa in yi shiru. Ya ɗauki murfin tukunya ya sake shi a kan dutse. Ɗaya ya ruga ƙarƙashin rumbu yana gurnani, ya ƙi fitowa. Ɗaya ya yi kan murfin da cizo. Biyu suka gudu wurin uwarsu. Na biyar ɗin, wani baƙi mai farin ƙirji, ya zabura, ya tsaya ya duba, sannan ya taka ya shinshina murfin, ya zo ya shinshina ƙafata, ya koma ya zauna.

"Wanne za ka ɗauka?"

Na nuna mai cizon murfi. Ya girgiza kai.

"Wannan na farauta ne, sai mai gudu da shi a daji kullum. Ka kulle shi a gida, zai cinye maka ragunan da kansa. Wancan na ƙarƙashin rumbu kuma, shi ne irin naka. Kai ka ji gurnani ka ce jarumi ne. Tsoro ne. Komai tsoro yake ba shi, shi ya sa yake riga kowa kai hari." Ya ɗauki baƙin ya kwantar da shi rigingine a tafin hannunsa. Kwikwiyon ya ɗan yi mutsu-mutsu, sannan ya saki jiki yana kallon fuskar tsohon. "Wannan ne na gida. Ya san baƙo, ya san ɗan gida, ba ya cizo sai da dalili. Kuma kafin ka dubi ɗa, ka dubi uwa. In ba ta bar ka ka zauna kusa da 'ya'yanta ba bayan mai ita ya yi mata magana, ka tashi ka tafi."

Na ce, "To Baba, ba a gyara irin nawa?"

"Da ka sa shi cikin mutane tun yana ƙarami, yana ganin mata da yara da awaki, da ya rage. Ba zai zama kamar wannan ba, amma da ya rage. Ƙaramin kare matsoraci ya ciji mutum, a sa magani a manta. Wannan kuwa ka ga girmansa. Ka ɗauki mai tsoro ka ɗaure shi shi kaɗai fiye da shekara."

Na roƙe shi ya gwada. Ya ce zai gwada don nisan da na yi. Da yamma ya sa aka shigar da mata da yara ɗaka, muka fito da Barsu da doguwar igiya, aka cire takunkumi. Uwarsa Gambo ta taso a hankali tana kaɗa bindi, ta miƙo hanci. Bai ko shinshina ta ba, ya kama ta a wuya. Da ƙyar muka raba su, ni ina jan igiya, tsohon yana watsa ruwa. Jini ya wanke mata ƙirji. Barsu ya koma bayana ya ɓuya yana karkarwa.

Baba Woru ya wanke wa karyarsa ciwon, ya sa mata magani, sannan ya zo ya zauna kusa da ni.

"Ba zan iya riƙe shi ba. Jikokina a tsakar gidan nan suke rarrafe. In ka sake shi a daji, zai dawo ƙauyen wani ya kama mace a hanyar rafi. In ka mayar da shi, ka san abin da ke jiransa, kuma da sanduna za su yi. Ni ina da bindiga, harbi ɗaya ne. Ka kwana da maganar."

Da gari ya waye, bayan na yi salla, na ce masa na yarda. Matsalar ita ce Barsu ba zai bi kowa ba sai ni. Don haka ni na riƙe igiya na ja shi har gindin wata ɗorawa a hayin ƙorama. Wannan ce tafiya mafi tsawo da ya taɓa yi da ƙafarsa. Yana ta shinshina ciyawa, har ya sha ruwa a ƙoramar. Na ɗaure shi, na ce, "Barsu, kwanta." Ya kwanta, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa yana kallona. Tsohon ya ce in juya in yi gaba. Na yi taku kamar ashirin na ji ƙarar.

Mu biyu muka haƙa ramin. Can haka suke yi, ba sa yar da kare a bola.

Da zan tafi Baba Woru ya ɗauko baƙin kwikwiyon nan ya miƙo mini. Ya ce kyauta ne, yanzu na san yadda ake yi. Na riƙe shi, ɗumin jikinsa a hannuna, yana lasar iska. Na tuna fuskar mai unguwa, na tuna Hajara, na tuna cewa duk safiya sai Garba ya jiyo shi yana haushi ta kan katanga. Na ajiye shi ƙasa na ce, "Baba, na gode. Ba ni da inda zan kai shi." Kejin ma a can na bar shi.

Dawowa ba ta da labari. Ba wanda ya ƙi ɗaukata, ba wanda ya matsa daga kusa da ni. Kwana ɗaya da wuni na iso gida. Ragunan da suka rage na kai su kasuwa a satin, don na san labari ya riga ya kai inda zai kai cewa gidan Mamman ba kare. Garken yana nan ba komai a ciki.

Kafin in huta na nemi Garba. Aka ce yana bakin ruwa. Na same shi zaune a kan kifaffen jirginsa, hannun da Barsu ya kama a kan cinya, yana kallon masunta suna fita. Na yi sallama ya amsa. Na zauna a ƙasa.

"An dawo lahiya?"

"Lafiya lau. Garba, na zo in gaya maka ne, Barsu ya mutu. A gabana aka harbe shi."

Na ɗauka zai ce alhamdulillahi, ko ya ce Allah ya kiyaye gaba. Ya ɗaga hannun da na hagu ya gyara masa zama a kan cinyar.

"Mi ya sa ka kashe shi?"

"Saboda abin da ya yi maka."

"Dabba ta, Mamman. Abin da aka koya mishi shi ya yi." Ya mayar da idonsa kan ruwa. "Ni ba shi na riƙe a raina ba."

Muka zauna har jiragen suka yi nisa. Da aka kira azahar ya tashi, ni ma na tashi, ya bi ta bakin ruwa, ni na bi ta cikin gari.